Gayyar da Hure Ta Kira

A shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, ruwa ya ɗauke wa mutanen Tudun Gawo tun dawa ba ta gama fidda kai ba. Hadari yakan haɗu ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, ya yi ta gurnani har mata su kwashe shanya da gudu, sannan ya tattara ya wuce wajen Minjibir ya bar su da iska.

Hure ba ta da gona, don haka ba ta yi asarar ko zangarniya ɗaya ba. Ita abin da take da shi akuya ce. Da can awakinta sun cika gida. Farin bara ya ci wasu, sauran ta riƙa jan su kasuwar Ɗambatta ɗaya bayan ɗaya tana dawowa da hatsi a ƙulle a bakin zane. Saura guda: ja, mai gemu, mai kallon mutum sama da ƙasa, ga ta kuma da ciki. Mijin Hure ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata suna gidajen mazajensu can nesa. In akuyar nan ta haihu lafiya, Hure ta samu abin da za ta sake tayar da kiwo. In ta mutu, sai dai ta koma bin gidaje tana neman dakau, a shekarar da babu abin dakawa.

To akuyar kuwa a ɗaure take. A Tudun Gawo gona manne take da gona, babu wurin da ɗan akuya zai sa ƙafa bai taka shukar wani ba. Saboda haka da an yi shuka ake ɗaure kowace dabba a turke, ba ta fita sai an gama girbi, kowane magidanci ya je gaban Mai Unguwa ya ce, "Na ɗauke." Sannan ne ake shela, a kwance dabbobi su bi karan gona su gangara fadama. Akuyar da aka kama a waje kafin shela, gidan Mai Unguwa ake kai ta, kuma ba a taɓa ganin wadda ta fito daga can da ƙafafunta ba.

Hure ta yanko duk abin da lauje ke iya kamawa. Ciyawar gefen gonaki ta ƙare. Harawa babu, gyaɗa ta mutu tun tana jaririya. Ranar da ta kawo ganyen tumfafiya don gwaji, akuyar ta shinshina, ta ɗaga kai ta dube ta, har sai da Hure ta ji kunya ta ce, "To yi haƙuri." Daga nan akuyar ta fara cin gida. Ta cinye zanan da ke kusa da turken iya inda wuyanta ya kai, har ta kai mai wucewa ta hanya yana iya gaisawa da Hure ba sai ya yi sallama ba. Ta ci gefen tabarma. Ta ci rabin faifai. Duk da haka haƙarƙarinta sai ƙara fitowa yake, cikin ya rataye a ƙasa kamar ba nata ba.

Ga kuma fadama can gangare, abin haushin ke nan. Da ka wuce gonar ƙarshe, yashi ya ƙare, ƙasa ta koma baƙar laka mai riƙe ruwa ko sama ta yi rowa. A shekarar ruwan ya ja ya koma tsakiya, bakin fadamar ya tsattsage kamar diddigen manomi. Amma tsakanin tsagar da ruwan akwai shimfiɗa kore shar. Doguwar ciyawar masu ƙarfi sun yanke sun kai kasuwa. Abin da ya rage kiri-kiri ce, mai rarrafe a kan laka, gajera ƙwarai, lauje ba ya kama ta, sai haƙorin akuya. Kullum rana na cin gefenta.

Magidanta sun yi girbinsu cikin sirri. Kowa ya shigo da ɗan abin da ya samu a rufe da buhu, ya je gaban Mai Unguwa ya ce "Na ɗauke" ƙasa-ƙasa, ba wanda ya tambayi wani dami nawa. Mutum ɗaya ya rage, Alhaji Uwaisu.

Gonar Alhaji Uwaisu ta fi ta kowa girma, kuma ita ce ta tare tsakanin gari da fadama. Da akwai burtali a gefenta, hanyar da dabbobi ke bi, amma Alhaji ya yi ta gutsurarsa, bana kunya ɗaya baɗi kunya ɗaya, har ya zama sai kaza ce za ta bi, ita ma a karkace. Shi Alhaji yana da haƙorin Makka, da laima, da baƙin tabarau, da rediyo mai riga. Da bazara ya dawo daga Kano da iri a cikin takarda, ya ce wani ma'aikacin gona mai gajeren wando ne ya ba shi hannu da hannu. Tun kafin ya shuka ya sa aka gina masa sababbin rumbuna biyu a ƙofar gida, inda kowa zai gani, aka shafa musu farar ƙasa. Yanzu rumbunan na nan tsaye fes, dawar ma na nan tsaye, doguwa, busasshiya, iska na kaɗa ta tana ƙara kamar tsintsiya.

Hure ta same shi da hantsi a bakin gonar, ƙarƙashin laima, hannu ɗaya a baya.

"Bawan gidanmu, barka da hantsi. Ya amfani?"

Uban Hure da uwar Alhaji ciki ɗaya suka fito, wato su taubasai ne, ita 'yar namiji shi ɗan mace, ɗan mace kuwa a wasan taubasai shi ne bawa. Duk garin ita kaɗai ke kiransa bawa ya haɗiye.

"Hure, yanzu Alhaji ake ce min."

"To Alhaji bawan gidanmu. Yaushe za ka ɗauke?"

"In ta nuna."

Ta miƙa hannu ta karyo zangarniya ɗaya, ta murza a tafi, ta hura. Komai ya tashi. Ta duba tafin, ta juya bayan hannun ma ta duba, ko wani abu ya maƙale a can.

"Ina idon?"

"Yana ciki."

"Cikin ina?"

"Cikin karan mana. Wannan ba irin dawar kakanninku ba ce mai baje komai a waje kowane tsuntsu ya gani. Iri ne na kimiyya. A ɓoye take aikinta, sai ranar ƙarshe ta turo shi sama gaba ɗaya."

"Ikon Allah. Ranar ƙarshen tata ko ta duniya?"

"Ba zan tsaya yi wa wadda ba ta taɓa shiga jirgi bayani ba."

"Uwaisu, akuyata mutuwa za ta yi."

Wannan ba da wasa ta faɗa ba, shi ma ya ji. Ya gyara zaman tabarau, ya kalli gonar, ya kalli rumbunan can nesa suna walƙiya a rana.

"Ki ba ta haƙuri," ya ce. "Saura kaɗan."

Daga nan ta wuce gidan Mai Unguwa, ta durƙusa daga bakin zaure.

"Ranka ya daɗe, dabbobi sun gama ƙarewa a turke. Mutum ɗaya ne ya riƙe gari."

Mai Unguwa ya ce ya sani, kuma abin na damunsa matuƙa, amma tun zamanin kakansa ba a taɓa shela da sauran amfanin wani a tsaye ba, ba kuwa a kansa za a fara ba. Kowa ya san inda Mai Unguwa ke zama kullum da la'asar: zauren Alhaji, yana jin rediyo, yana shan shayi mai sukari, a shekarar da sukari ya zama labari.

A waje ta tarar da Sama'ilu zaune a gindin bango yana ɗaure tsarkiyar ganga. Shi ne mai shela, shi ne kuma makaɗin gari, a bana kuwa duka sana'o'in biyu sun kwanta.

"Yaya Hure, kin ji labari? Shanun arewa sun gangaro, an gan su bayan Ɗambatta, ƙasusuwa ne kawai ke tafiya. In suka iso fadamar nan, kafin ki ɗaura ɗankwali sun share ta." Ya buga gangar sau ɗaya, ta yi ƙara kamar mai mura. "Dubi nan. A da warhaka na yi kiɗan gayya har hannuna ya yi kanta."

Hure har ta wuce, sai ta dawo da baya.

"Sama'ilu, wa ke da ikon kiran gayya?"

"Mai gona. Ko suruki mai neman suna. Ko ɗan'uwa da ke son ya karrama ɗan'uwansa."

"Taubashi fa?"

"Taubashi ai ya fi kowa."

"Mai gonar yana iya cewa ba ya so?"

"A tara maka jama'a su yi maka aiki kyauta ka ce ba ka so? Ai ka zagi gari ke nan, har da na cikin kabari."

Suka dubi juna. Sama'ilu ya miƙe ya rataya gangar. Don murna bai ƙara tambayarta komai ba, ita ma ba ta tambaye shi komai ba.

Kafin azahar an ji shi lungu-lungu. "Jama'a, ana gaishe ku! Hure ta kira gayya gobe da safe a gonar ɗan'uwanta Alhaji Uwaisu, mai dawar kimiyya! Mai magirbi ya zo da magirbi! Mai jaki ya zo da jaki, don amfanin ya fi ƙarfin kai!"

Bayan la'asar sai ga Alhaji. Bai shiga gidan ba, ya tsaya a inda akuya ta cinye zana ya leƙo.

"Ki janye."

"Af, ai ta riga ta fita. Har ƙauyukan gefe an ji."

"Na ce miki ba ta nuna ba!"

"Ka ce a ciki take ɓoyewa. To gobe za a taru a taya ta fitowa. Kai dai ka zo da laima, ka tsaya inda za a gan ka."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ji ana jansa ta ƙasa. Akuyar ce ta samu gefen babbar rigarsa, ta lumshe ido tana taunawa. Da ƙyar ya ƙwace, ya tafi yana riƙe da wurin.

Washegari tun rana ba ta yi zafi ba, gonar ta cika. Hure ba ta taɓa ganin gayya irin wannan ba. Manoma sun zo, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma wanzami ya zo. Tela ya zo, mutumin da rabonsa da gona tun yana yaye. Liman ya zo da na'ibinsa. Wani tsoho daga ƙauyen gaba, wanda aka daɗe ana zaton ya rasu, an ɗoro shi a kan jaki wai ya zo sa albarka, rungume da akushi kamar kwale-kwale. Jakuna kuwa sun yi layi tun daga bakin gona har gindin tsamiya. Kowa da kwano a hammata. Hure ta ga kwanonin, ta ce a ranta, madalla, Alhaji zai ji a jikinsa.

Sama'ilu ya saki ganga. "Ga gonar mai haƙorin zinariya! Dawa mai kunya, ba ta nuna kanta ga baƙo! Ku bi ta a hankali, 'yan maza, ta birni ce!"

Maza suka ja layi suka shiga. Karan ba ya ma jiran magirbi, iskar saran kawai ke kayar da shi. Masu yankan zangarniya na biye da wuƙaƙe, suna ɗaga wannan su girgiza a kunne su yar, su ɗaga wancan su yar. Can sai tela ya kurma ihu. Ya samu mai ido! Aka bar aiki aka ruga. Aka yi da'ira ana miƙa ta hannu zuwa hannu, Liman ya karɓa ya yi hamdala, Sama'ilu ya canza kiɗa. Daga nan abin ya zama farauta. Duk wanda ya samu mai ido sai ya ɗaga sama ya taka rawa, mutanen da ba su yi dariya ba tun ɗaukewar ruwa suka riƙa faɗuwa a kan kara suna riƙe ciki. Wanzami ya tsaga kara ɗaya tun daga sama har ƙasa, ya leƙa ciki da ido ɗaya, ya ce da ƙarfi, "Alhaji, wannan tata ba ta iso ba tukuna, tana hanya!"

Rana na kaiwa tsaka gonar ta kwanta gaba ɗaya. Daga tudun gari har ƙasa babu abin da ya tare ido, ga fadama can tana sheƙi.

Aka tara abin da aka samu aka ɗaure. Dami ɗaya ne, shi ma mai ƙugun zanzaro. Nan masu jakuna suka tayar da rigima, kowa ya ce shi ba zai koma gida jakinsa bai ɗauki komai ba a yi masa dariya. Mai Unguwa ya yi shari'a: a kwance damin a raba. Kowane jaki aka ɗora masa zangarniya biyu ko uku, aka ɗaure da igiya tamau kada kaya su zube, aka jera su zuwa sababbin rumbuna, masu jakin na tafe suna "Hattara! A ba da hanya!"

Alhaji na tsaye ƙarƙashin laima bai motsa ba. Ya yi gyaran murya.

"Abin da ba ku sani ba," ya ce, "ita irin wannan ba a auna ta da dami. Ƙwaya ɗaya in ta shiga tukunya, sai ta cika kwano."

"Ikon Allah," in ji jama'a baki ɗaya.

Sannan aka koma gindin tsamiya aka zazzauna sahu-sahu, kowa ya ajiye kwanonsa a gabansa. Aka zuba ido. Hure na gefe tana jiran ta ga yadda Alhaji zai yi. Sai ta lura ba Alhaji ake kallo ba. Ita ake kallo.

Sama'ilu ya matso. "Yaya Hure, me aka tanada?"

"Aka tanada? Ga mai gona can."

"A'a. Wanda ya kira ai shi ke ciyarwa."

Hure ta yi shekaru tana dama furar gayya, amma kullum a gidan mai gona take damawa, don kullum mai gona ne ke kira. Ba ta taɓa tsayawa ta raba biyun ba.

"Don me ba ka faɗa min ba?"

"Ba ki tambaya ba. Ni na ɗauka wani abu kika tono."

"Me zan tono? Faifai ma rabi gare ni!"

"Ai tana da akuya," in ji wata murya daga baya. Sarkin Fawa ne, ya zo gayyar girbi da wuƙar da ba ta yankan dawa. Ashe tun ana ɗaurin jakuna ya tura mutanensa. Sai ga su sun ɓullo da ita a igiya.

Rabon akuyar da waje tun ranar shuka. Tana tafe tana tangaɗi kamar wadda ta sauka daga mota. Da ta iso bakin gonar ta hango kore can ƙasa, sai ta toge, ta miƙa wuya, ta yi wani kuka da ya sa tsohon nan mai akushi ya farka.

Sarkin Fawa ya tattaɓa haƙarƙarinta. "Nama kam babu. Amma za a sha romo."

"Ciki gare ta!" in ji Hure. "Malam, ka faɗa musu, ciki gare ta!"

Liman ya yi tari. Ya ce lallai malamai ba su so a yanka mai ciki ba. Ya dubi kwanonsa. Ya ce sai dai kuma akwai babin lalura, babi ne mai faɗi.

Hure ta dubi jama'ar. Ita ta tara mutanen nan, da yunwarsu suka zo, sun kuma yi aikin, ba wanda ya zalunce ta. Ta waiwaya, ta ga Alhaji. Tun safe ko murmushi bai yi ba, yanzu haƙorin Makka ya fito gaba ɗaya yana shan iska.

Sai ta gyara ɗaurin zane, ta taka har gabansa, ta durƙusa gwiwa biyu, abin da ba ta taɓa yi masa ba tun suna yara. Ta ɗaga murya yadda na bayan tsamiya zai ji.

"Alhaji, don Allah kada ka sa komai a ranka. Ni zan ciyar da gayyarka. Kowa ya ga abin da shekarar nan ta yi maka, ba laifinka ba ne. Ina amfanin zumunci in ɗan'uwa ya faɗi ba a tare shi ba? Ba abin kunya ba ne a ce mace, wadda ba miji ba gona, ta rufa wa Alhaji guda asiri da 'yar akuyarta. Sarkin Fawa, bisimilla. Sama'ilu, sa shi a kiɗa, don jikoki su ji."

Sama'ilu ba ya buƙatar a faɗa masa sau biyu.

"Alhaji ya yi noma, Hure ta ciyar! Mai laima ya yi noma, Hure ta ciyar!"

Sahun gaba suka karɓa. Na baya suka karɓa suna buga kwanoni. Kafin a zagayo na uku har matan da ke leƙe ta saman katanga sun sa guɗa, waƙar ta riga ta zauna, irin wadda za a yi ta daka da ita har shekara goma.

Haƙorin ya koma ciki.

"Tsaya!" Alhaji ya rufe laimar da ƙarfi. "Kai, tsayar da gangar nan! A gonar wa? A gonata za a ce mace ta ciyar? Da wannan? Wannan akuya ce ko tsani? Ku sake ta, kada baƙi su ɗauka abin da muke ci ke nan a garin nan!" Ya juya wajen mutanen gidansa. "Ku je ku ce wa uwargida Furera a buɗe tsohon rumbu na bayan gida. A fito da gero, a daka, kowa ya ci har ya bari. A kawo ragon nan kuma."

Kowa ya san ragon. Fari ne tas, da sabulu ake masa wanka, da laya a wuyansa, harawarsa daga Kano ake sayo ta. Tsohon rumbun kuma, ai tun bara Alhaji ya rantse babu komai ciki sai ɓeraye. Ba wanda ya ga dacewar tuna masa yanzu. Sarkin Fawa ya saki igiyar akuya kamar ta ƙone shi, ya bi bayan masu zuwa kawo rago yana gwada kaifin wuƙa a farce.

Hure ta cafe igiyar ta naɗe a hannu sau biyu. Ba ta tashi daga durƙuson ba, ta juya wajen Mai Unguwa.

"Ranka ya daɗe, gona ta kwanta. Saura kalma."

Mai Unguwa ya dubi Alhaji. Alhaji ya sake buɗe laima, ya dawo cikin inuwarsa, ya ɗan samu kansa.

"Ba yanzu ba," ya ce. "Ita wannan sau biyu take haihuwa. Wannan na gwaji ne. Yanzu gindin zai sake tohowa, gyauron shi ne ainihin amfanin. Ba dabbar da za ta taka min gona sai ya nuna."

Mai Unguwa ya fara gyaɗa kai, irin gyaɗawar mai tunanin shayi.

"Allahu akbar," in ji Hure. "Ashe da sauran aiki. To Sama'ilu, sanar tun yanzu kowa ya shirya: in gyauro ya nuna, na sake kiran gayya. Kuma kun dai ji da kunnenku, Alhaji ba ya yarda mace ta ciyar a gonarsa."

Gindin tsamiya ya ɗauki sowa. Tsohon nan ya ɗaga akushi sama da hannu biyu. Na'ibin Liman ya tambaya ko irin na haihuwa sau uku, don a san yadda za a tsara. Wani daga ƙauyen gaba ya ce shi zai zo da surukansa.

Alhaji ya dubi kwanonin. Ya bi su da ido sahu-sahu har inda suka ƙare, ba su ƙare da wuri ba.

"Na ɗauke," ya ce.

"Ranka ya daɗe bai ji ba," in ji Hure.

"Na ɗauke! Na ɗauke, na ce! Ku ci gonar har ƙasarta!"

Mai Unguwa ya ɗaga wa Sama'ilu hannu. Sama'ilu ya ruga cikin gari, ganga na dukan bayansa. "A saki dabbobi! A saki dabbobi! Mai akuya, mai tunkiya, a kwance!"

Abin da ya biyo baya, masu jakuna ne suka fi ba da labarinsa, don su ya tarar a hanya. Kowace ƙofa ta amayo awaki. Ramammu, masu tangaɗi, wasu da guntun turke na jan ƙasa a bayansu, suka haɗu a lungu suka zama kogi, suka ratsa tsakanin jakuna, suka lashe amfanin gonar Alhaji daga bayan jakunan ba tare da sun tsaya ba, suka bi ta kan kara suka gangara.

Ita akuyar Hure ba ta jira kowa ba. Ta fizge, Hure ta ƙi sakin igiya, don haka tare suka tafi, ba a san mai jan wani ba. Yashi mai zafi ya ƙare a ƙarƙashin ƙafarta, ta tsallake tsagar laka, sai sanyi, sai warin danshi da ta manta da shi. Akuyar ta zube a kan gwiwoyinta na gaba, ta kafa baki a kiri-kiri. Ba ta ɗaga kai ba, ba ta kalli kowa sama da ƙasa ba. Ƙarar tsinkar ciyawa kawai kake ji, ta ko'ina, kamar ana yayyafi.

Hure ta tsaya tana haki tana dariya ita kaɗai. Ta bar ta ta ci, ta ci. Can sai dariyar ta tsaya, don ta tuna: dabbar da ta daɗe da yunwa, in ta cika ciki da ɗanyar ciyawa a zama ɗaya, kumbura take yi ta mutu a wurin.

"To ya isa. Tashi. Gobe ma rana ce."

Ta ja. Akuyar ta kafe. Ta ƙara ja da ƙarfi, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas a cikin laka har ƙugu. Daga can tudu maƙwabciyarta Sauda ke ƙwala kira, wai an sauke tukunya, ana rabon nama, ta yi sauri kafin Liman ya kai ga hanta.

"Ki karɓar min!" in ji Hure. "Ina da aiki!"

Ta rarrafa ta rungumo wuyan akuyar ta baya, ta ɗaga mata kai sama da ƙarfin tsiya. Akuyar ta tsaya a haka, ciyawa na reto a bakinta, tana taunawa a hankali, idonta na kan wadda za ta ci in an sake ta.